Darasin lissafi: lamba 2520 da maƙwabciyarta

Ku ɗauko allo da alli, ku rubuta wannan lamba: 2520. Ku karanta ta da ƙarfi: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin.

Yau za mu koyi yadda ake gane ko lamba tana rabuwa daidai, tun ba a fara rabon ba. Wanda ya san wannan, da wuya a cuce shi ranar rabon iri ko taki.

Mu ce ƙungiyar manoma ta samu buhu 2520 na gero.

Da fari, ku dubi ƙarshen lambar. Sifiri ne. Duk lambar da ta ƙare da sifiri tana rabuwa gida 2, gida 5 da gida 10. In ƙauye 10 ne, kowane ya samu buhu 252.

Na biyu, ku tara alƙalumanta: 2 da 5 da 2 da 0, sun yi 9. In jimlar ta rabu gida 9, ita ma babbar lambar tana rabuwa gida 9 da gida 3. Ƙauye 9, buhu 280 ke nan. Wadda ta rabu gida 2 da gida 3 kuwa tana rabuwa gida 6.

Na uku, ku dubi alƙaluma biyu na ƙarshe: 20. Ashirin tana rabuwa gida 4, to 2520 ma haka, 630 kowane. Gida 8, 315 kowane. Gida 7, 360 kowane.

Kun gani, daga 1 har zuwa 10 babu wadda ta bar ragowa. Kuma babu wata lamba ƙasa da 2520 da ke iya wannan. Dalili shi ne an gina ta da ƙananan lambobi: 2 sau 2 sau 2 sau 3 sau 3 sau 5 sau 7. Gaba ɗaya lambobi 48 ke raba ta daidai.

Ga dabarar tunawa: kwana 7 na mako, sau kwana 30 na wata, sau wata 12, sun ba da 2520.

Yanzu ku ƙara buhu ɗaya, ya zama 2521. Ku raba gida 2, ko 5, ko 9: kullum buhu ɗaya na saura. Babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Irin wannan muna ce mata gagara-rabo, kamar 7, 11 da 13. Saboda haka, in an ce muku an raba buhu 2521 ga ƙauye 8 ba saura, ku tambayi ina buhun guda ya shiga.

Aikin gida: ku gwada 1440. Daga 2 zuwa 10, wace lamba ce ba ta raba ta daidai? Ku kai amsa wajen malaminku. Allah ya kai mu mako mai zuwa.