Likitan Da Ya Mai Da Gidansa Makarantar Tanis

A ƙasar Dutse, daga Kiyawa har Birnin Kudu, in ka yi wa malamin makaranta zancen wasan tanis, yawanci amsar da zai ba ka ita ce ai wannan wasan manyan ma'aikata ne da 'ya'yan masu kuɗi, don kuwa ga tsadar abin bugu, ga tsadar ƙwallo, ga shi kuma sai an yi fili na musamman. Mu kam ba mu musa ba. Amma muna so mu ba ku labarin wani malamin tanis na ƙasar Amurka, wanda fili ɗaya tak gare shi a harabar gidansa, duk da haka ya yaye mutum biyu waɗanda suka ci gasar Wimbledon ta Ingila, watau gasar da ta fi kowace daraja a wannan wasa.

Sunansa Likita Robert Walter Johnson, baƙar fata ne, an haife shi a birnin Norfolk na jihar Virginia cikin 1899. Ya yi karatu a Jami'ar Lincoln, inda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi nasu daga baya. Can ya yi suna wajen ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda akan rungumi ƙwallo a sheƙa da gudu, har saboda zafin namansa suka yi masa laƙabi da kalmar da ke nufin guguwa. Daga nan ya koyi aikin likita a Kwalejin Meharry, sa'an nan ya zauna a garin Lynchburg yana duba marasa lafiya. Tanis kuwa da girmansa ya koye shi, bai kuma taɓa shiga sahun manyan gwanayen duniya ba.

A zamanin nan dokar wariyar launi tana da ƙarfi a kudancin Amurka. Filayen tanis masu kyau na kulob-kulob ɗin Turawa ne, baƙar fata ba shi da ikon taka su. Da Likita ya ga haka sai ya sa aka yi masa filin jar ƙasa a gida. Kowace shekara in an ba da dogon hutu, sai ya tara yara baƙar fata daga garuruwa daban-daban, ya ba su wurin kwana, ya ci da su, ya koya musu, ya kuma kwashe su a motarsa zuwa wuraren gasa, yawanci da kuɗin aljihunsa.

Yadda yake koyarwa

Yaron da ya zo sabo ba ya fara da abin bugu. Akan rataye ƙwallo da igiya, a miƙa masa ƙotar tsintsiyar Turawa, a ce ya yi ta bugu. Dalili kuwa, ƙota siririya ce, wanda duk ya ɗauke ido daga kan ƙwallo sai ya bugi iska. In ido ya saba, ranar da aka ba shi abin bugu mai faɗin fuska sai ya ga abin ya zo masa da sauƙi. Bayan wannan kuma kowane yaro yana da aikin gida: a gyara gado, a cire ciyawa, a share fili, a daɓe shi kafin a shiga wasa.

Amma dokarsa wadda ta fi shahara ita ce ta layi. A gasar yara sau da yawa ba alƙali, kowane ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallon da ya faɗo a gefensa yana ciki ko ya fita. Likita ya umurci yaransa, in ƙwallo ya fita da inci ɗaya ko biyu, su ɗauka yana ciki, su bar wa abokin karawa. Ya hana su gardama da jifa da abin bugu da ɓata fuska, ko an cuce su.

To, wani zai ce ashe wannan ba koya wa yaro tsoro ba ne? Lalle dokar tana da ɗaci, kuma babu shakka ta sa sun yi hasarar maki da dama wanda hakkinsu ne. Sai dai Likita ya san inda yake zaune. Da ƙyar ya samu aka yarda yaransa su shiga gasar 'yan makaranta ta ƙasa a Charlottesville cikin 1951, ya kuma tabbata akwai masu jiran yaro ɗaya ya yi rashin kunya su ce to, kun gani, a rufe ƙofa ga sauran duka. Ban da wannan kuma, yaron da ya san ba zai sami komai ta hanyar gardama ba, tilas ya gyara bugunsa har ya ci wasa da tazarar da ba ta bukatar musu.

Abin da ya biyo baya

Cikin 1946 shi da wani abokinsa, Likita Hubert Eaton, suka ɗauki nauyin wata yarinya mai suna Althea Gibson. Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci babbar gasar Faransa cikin 1956, ta kuma ci Wimbledon cikin 1957 da 1958.

Cikin 1953 aka kawo masa wani siririn yaro ɗan shekara 10 daga Richmond, sunansa Arthur Ashe. Da farko yaron ya ƙi sake salon bugun da malaminsa na fari, Ronald Charity, ya koya masa. Aka kira ubansa, ya zo ya ce masa ko dai ya bi abin da aka ce, ko ya kwashi kayansa su koma gida. Yaro ya zauna. Cikin 1961 ya ci gasar nan ta Charlottesville, cikin 1968 ya ci babbar gasar Amurka, cikin 1975 kuma ya ka da Jimmy Connors ya ɗauki kofin Wimbledon. Wannan na ƙarshe Likita bai gani ba, gama ya rasu cikin 1971. Har yau in ana zancen Ashe, da natsuwarsa akan fara, kamar yadda Bahaushe ya ce, hali zanen dutse.

Ashe ya zo Nijeriya cikin 1970, ya kuma komo wata gasa a Ikko, watau Legas, cikin Fabrairun 1976, lokacin da aka kashe Janar Murtala Muhammed. Cikin 1971 kuwa, a Yawunde ta Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana wasa da abin bugu ƙirar gida, sai ya yi masa hanya zuwa Faransa. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa cikin 1983.

Ga malamanmu

Filin tanis tsawonsa ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 27 in mutum biyu ke wasa, ko 36 in su huɗu ne, raga kuma tsayinta ƙafa 3 a tsakiya. Makarantar da ke da sarari da jar ƙasa da yaran da za su yi daɓe, ta sami rabin abin da ake bukata. Igiya da sanda da bangon aji sun isa yaro ya koyi kafa wa ƙwallo ido kafin a sami kuɗin sauran kaya.

Dokar layi kuwa ba a sayenta da ko kwabo. Yaranmu ba wariyar launi ke gabansu ba, amma gobe su ne akawuna da ma'aji da alƙalai, waɗanda za a bari su kaɗai da littafin kuɗi ba mai ganinsu. Wanda ya saba tun yana ƙarami ya faɗi gaskiyar inda ƙwallo ya faɗi, ko da a kansa hasarar za ta koma, muna kyautata zaton haka zai yi in ya zauna a ofis. Saboda haka muna roƙon malaman Dutse da kewaye su gwada wannan doka ko a wane wasa suke koyarwa, tanis ne, ƙwallon ƙafa ne, ko langa. Allah Ya ba da sa'a.