Wankin Darduma: Wane Inji Ya Fi Aiki?

Ƙurar hunturu da kuɗin cizo a cikin darduma suke ɓuya, kuma ƙurar nan takan tayar wa mai asma ciwonsa, ta sa yara tari.

A Amurka masu sana'ar wankin darduma suna da inji iri biyu. Na farko a cikin mota yake girke, da man fetur yake aiki. Motar tana tsayawa ƙofar gida, a ja dogon tiyo zuwa ɗaki, injin ya fesa ruwa mai tsananin zafi, nan take ya zuƙe shi tare da dauɗa. Na biyu ƙarami ne, ana tura shi da hannu, da wutar gida yake aiki. Zafinsa da ƙarfin zuƙarsa ba su kai na mota ba, shi ya sa dardumarsa takan daɗe ba ta bushe ba. Su ma na mota da waɗannan biyun ake auna su: zafin ruwa da ƙarfin zuƙa. A ganina zuƙar ce babba, domin darduma mai damshi fumfuna take yi.

Mu a Afala da sauran ƙauyukan Adar ruwa ba na ɓarna ba ne. Amma kuɗin cizo ba ya jure zafin digiri 50, ranar bazara kuwa a Tawa takan wuce 40 ko a inuwa. A fitar da darduma nesa da yara, a rufe hanci, a kakkaɓe ta da sanda, a shanya bisa dutse ko kwano mai zafi tun hantsi, a juya ta da azahar. Kada a naɗe ta sai ta bushe ƙayau.