Ɗibar Wuta a Gidan Taurari

A ranar 2 ga Yulin 1967, wasu taurarin ɗan'adam na sojan Amurka, masu suna Vela, suka kama abin da ba shi aka aike su nema ba. An harba su ne su yi gadin yarjejeniyar 1963, wadda ta hana gwajin makaman nukiliya a cikin iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. Aikinsu shi ne su sa ido kan hasken gamma, hasken nan mai tsananin kaifi da bom ɗin nukiliya ke fitarwa, wanda idon mutum ba ya gani. Hasken ya zo kuwa, sai dai ba daga Tarayyar Sobiyet ba, ba ma daga duniyar nan tamu ba. Sai a 1973 Ray Klebesadel da abokan aikinsa na Los Alamos suka fito da labarin, suna riƙe da shaidar irin wannan fashewa har 16.

Daga nan aka shiga shekarun ciwon kai. Kusan kullum sai an samu fashewa ɗaya a wani gefen sama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, in ta daɗe ta yi 'yan mintoci, ta ɓace, kuma ba ta sake dawowa a wurin. Na'urar BATSE da aka ɗora wa tauraron ɗan'adam na Compton a 1991 ta ƙirga 2,704 cikin shekara tara, ta kuma nuna cewa ta ko'ina suke zuwa, babu gabas babu yamma. Amma in ka tambaye ta takamaiman wurin, sai ta nuna maka fili a sama wanda ya ninka faɗin cikakken wata sau da yawa, cike da taurarin da ba su ƙirguwa. A kan nisa kuwa ba ta da ta cewa. Har a watan Afrilun 1995 manyan masana biyu suka hau dandamali a Washinton suna muhawara: Donald Lamb ya ce abin a gefen gungun taurarinmu yake faruwa, Bohdan Paczynski ya ce a'a, can cikin wasu gungu ne masu nisan gaske. Aka tashi kowa na kan bakansa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye, ko a tsohuwar unguwa tun kafin ashana ta yi araha, ya san ɗibar wuta. Murhu ya mutu, uwa ta leƙa ta kan danga ta hango hayaƙi a maƙwabta, sai ta miƙa wa yarinya tsingaro: "Maza je ki gidan su Ladi ki ɗebo mini wuta, kada ki tsaya wasa." Yarinya ta yi sallama, ta ce, "Wai in ji Innata, a sam mata wuta." Harshen wuta ba ya ɗaukuwa, don haka abin da ya bari ake ɗauka, wato garwashi. In da kara aka yi girkin, to sai an haɗa da gudu, domin wutar kara tashi ɗaya take yi, garwashinta kuma ba ya jiran kowa. Wadda ta tsaya kallon masu gaɗa a hanya, toka za ta tarar. Tsohuwar da ta san murhu kuwa, in ta dubi abin da aka kawo a tsingaro, za ta gaya maka ko kara ne ko ƙirya, ko wutar yanzu ce ko tun ta hantsi.

Shekara talatin masana taurari suka yi suna hango wutar kara ta tashi, ba su san gidan da za su yi sallama ba. Masu lissafi irin su Peter Meszaros da Martin Rees sun riga sun ce dole wuta irin wannan ta bar garwashi, wato ragowar haske da za ta yi kwanaki tana dusashewa, har a launukan da ido ke gani. Abin da ya rage shi ne ɗan aike mai ƙafa.

An same shi a tauraron ɗan'adam na BeppoSAX, wanda Italiya da Holan suka harba a 1996. Shi yana iya ƙuntata wurin fashewa zuwa ɗan fili da bai kai faɗin wata ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1997 ya kama wata fashewa, aka juya shi, bayan awa takwas ya ga wani ɗigo yana ba da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Aka sanar da mutanen ƙasa. Ɗalibai biyu na Jami'ar Amsterdam, Paul Groot da Titus Galama, da malaminsu Jan van Paradijs, suka sa aka ɗauki hoton wurin da madubin hangen nesa na William Herschel, mai faɗin mita 4.2, a tsibirin La Palma. Kimanin awa 21 ke nan bayan fashewar.

A nan abin yake burge ni. Hoton farko bai nuna musu komai ba, domin ɗigon da suke nema yana tsakiyar ɗigogi masu yawa, kuma bai bambanta da su ba. Raunin haskensa ya kai ninki miliyan ƙasa da tauraro mafi rauni da ido ke iya gani a dare mai duhu. Sai da suka koma ranar 8 ga Maris suka sake ɗauka, suka jera hotunan biyu. Kowane tauraro na nan yadda aka bar shi, ban da guda ɗaya da ya tafi. Mutuwarsa ce ta tona shi. Har yau haka ake gane ragowar haske: a nemi wanda babu shi a tsofaffin taswirori, sannan a jira a ga ko yana raguwa.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan fashewar Fabrairu, ranar 8 ga Mayu, wata fashewar ta sake tashi. Wannan karon an isa da wuri, garwashin na da sauran rai, har Mark Metzger da abokansa suka samu isasshen haske a madubin Keck na Hawayi, mai faɗin mita 10, suka rarraba shi zuwa launukansa. A ciki suka ga tabon da iskar gas mai ɗauke da ƙarfe da maganiziyam ta bari sa'ad da hasken ya ratsa ta, kuma tabon ya gusa sosai zuwa ɓangaren ja, alamar nisa. Lissafi ya nuna hasken ya yi tafiyar aƙalla shekara biliyan 6. Gardamar da fashewa dubbai suka kasa rabawa, ɗigo ɗaya mai mutuwa ya raba ta, Paczynski ya yi gaskiya.

Yadda ragowar hasken ke mutuwa shi ya sa gudu ya zama rabin aikin. Ba a hankali take raguwa daidai wa daida ba. A mafi yawan lokaci, in lokacin da ya wuce ya ninka sau goma, hasken zai ragu kusan sau goma. Abin da aka gani a minti na farko, a minti na goma saura kashi ɗaya cikin goma, a minti na ɗari saura ɗaya cikin ɗari. Yini da kwana minti 1,440 ne, ke nan wanda ya zo gobe war haka zai tarar da abin da bai kai ɗaya cikin dubu ba. Madubin Keck kuwa yana tara haske fiye da madubi mai faɗin santimita 30 kimanin sau dubu da ɗari. Ashe ƙaramin madubin da ya isa a minti na farko da ƙaton da ya iso washegari kusan kunnen doki suka yi. Yarinya mai tsingaro da ta ruga ta kamo mai babban kasko da ta tsaya ɗaura ɗankwali.

Shi ya sa aka cire mutum daga tsakiyar lamarin, domin mutum yana barci, yana neman takalmi. Scott Barthelmy na cibiyar Goddard ta NASA ya kafa hanyar da saƙon fashewa ke fita ta intanet cikin daƙiƙoƙi, ya isa ga madubai masu juya kansu ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ranar 23 ga Janairun 1999 wata 'yar na'ura mai suna ROTSE a Los Alamos, wadda gilasan kyamara huɗu ne kawai aka haɗa, ta fara ɗaukar hoto daƙiƙa 22 bayan tashin wata fashewa. Ta kama haske wanda ko da tabaran hangen nesa na hannu za a iya gani, alhali ya taso daga nisan tafiyar haske ta kusan shekara biliyan 9. A watan Nuwamban 2004 aka harba Swift, tauraron ɗan'adam da aka ƙera don ya juya jikinsa da kansa ya fuskanci fashewa cikin minti ɗaya ko biyu. Shi ya kama fashewar ranar 19 ga Maris ɗin 2008, wadda haskenta ya kai a gan shi da ido tsirara na kusan rabin minti, daga nisan shekara biliyan 7.5. Kyamarorin da ke Chile sun ɗauke ta. A Kano ƙarfe bakwai na safe ta ɗan gota a lokacin, rana ta riga ta fito.

Wannan ma wani abu ne da ba a cika faɗa ba. Fashewa ba ta duba agogon kowa. Tana iya tashi lokacin da gari ya waye wa manyan madubai, ko hadari ya rufe su, ko farin wata ya cika sama. Wanda dare ya samu a ƙarƙashinta, shi ne mai rabo, ko da kuwa madubinsa a bayan gida yake. A watan Yulin 2003 Berto Monard, wani mai sha'awar taurari a kusa da Pretoria ta Afirka ta Kudu, ya riga duk ƙwararru gano ragowar hasken wata fashewa, da madubi mai faɗin santimita 30.

Akwai inda misalin murhu ya gaza, kuma ya kamata a faɗa. Garwashi yana mutuwa ne don yana hucewa. Ragowar hasken gamma tana mutuwa ne don abin da ke haifar da ita yana rage gudu. Idan zuciyar wani ƙaton tauraro ta rufta ta zama baƙin rami, sai feshi biyu su ɓullo ta gefe biyu, suna gudun da ya haura kashi 99.9 cikin ɗari na gudun haske. Feshin nan yana karo da iskar gas da ke kewaye, yana tura ta gaba, ƙwayoyin ilektiron suna juyi cikin ƙarfin maganaɗisu suna fitar da haske. Gwargwadon gas ɗin da ya kwasa, gwargwadon nauyin da ya hau kansa, sai gudu ya ragu, haske ya bi shi. Saboda haka mai auna dusashewar dare bayan dare, gudun feshin yake karantawa da kaurin gas ɗin da ya ratsa. Wani lokaci ma sai a ga layin raguwar ya karye, hasken ya soma faɗuwa da sauri fiye da dā, kamar yadda aka gani ƙarara a fashewar 10 ga Mayun 1999 bayan kwana ɗaya da wani abu. Karyewar nan ita ta nuna cewa wutar ba ta ko'ina take fita ba, siririn feshi ne mai faɗin 'yan digiri. Da aka gyara lissafi da wannan, ƙarfin fashewar ya sauko daga adadin da ya ƙi shiga hankali zuwa kwatankwacin abin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta ta shekara biliyan 10. Wannan ɗin ma cikin daƙiƙoƙi ake zubar da shi.

Ana yawan yabon masu gudu, ni kuwa ina ganin masu zaman jira sun cancanci rabin yabon. Fashewar 29 ga Maris ɗin 2003 ta zo daga kusa, in ana kiran tafiyar haske ta sama da shekara biliyan 2 kusa, ragowarta kuma ta yi ƙarfin da masu ƙananan madubai a ƙasashe da yawa suka bi ta. Da an tashi bayan dare biyu an ce an gama, da an yi asara. Sai da aka yi kamar mako guda, ragowar ta dusashe sosai, sannan wani haske dabam ya soma bayyana daga ƙarƙashinta, mai alamomin sufanoba, wato tarwatsewar ƙaton tauraro. Aka sa masa suna SN 2003dh. Da ma an ga alamar haka a 1998, amma wannan ce ta rufe bakin masu shakka cewa dogayen fashewa, waɗanda suka wuce daƙiƙa biyu, mutuwar manyan taurari ce.

Gajerun kuwa nasu asalin dabam ne, kuma ɗaya daga cikinsu ta karya ƙa'idar da aka saba. Ranar 17 ga Agustan 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka ji girgizar sararin samaniya daga karon taurarin niyutron biyu, bayan daƙiƙa 1.7 hasken gamma ya biyo. Cikin awa 11 madubin Swope na Chile ya gano wurin a gungun taurari NGC 4993, nisan shekara miliyan 130, inda tarkacen karon ke haske. Amma ragowar feshin ba ta bayyana ba. Sai bayan kwana tara tauraron ɗan'adam na Chandra ya ga hasken eksire, bayan kwana 16 aka kama ta a rediyo, kuma maimakon ta ragu sai ta yi ta ƙaruwa har kusan wata biyar kafin ta juya. Dalili shi ne feshin bai saita mu ba, ta gefe muke kallonsa, sai da ya rage gudu ya baje sannan haskensa ya karkato wajenmu. Irin waɗannan da feshinsu ya kauce mana sun fi waɗanda muke kamawa yawa nesa ba kusa ba, kuma madubai masu share sama kowane dare suna farautar ragowarsu yanzu, ba tare da wani saƙon gamma ya nuna musu wurin ba.