Jakar Ruwa a Ƙoda: Maganin da Ke Aiki da Allura, Ba da Haɗiya Ba

A wannan wata filinmu na kiwon lafiya zai duba wata matsala da ta fara yawaita a bakin mutanenmu tun da injin sikanin ya bazu a asibitoci. Mutum zai je a duba masa ciwon ciki ko ciwon baya, sai a ce an ga jakar ruwa a ƙodarsa. Kafin ya iso gida hankalin iyali ya tashi. Daga nan sai wani ya ce ai ya ji likitoci na warkar da ita da tetarasaikilin, wato kafson nan ja da yalo wanda a kasuwannin Kumasi ake kira topaye. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma wanda ya ɗauke ta a karkace zai iya cutar da ƙodar da yake neman ceto.

Mece ce jakar ruwa?

Wata 'yar jaka ce mai siririyar fata da ke tsirowa a jikin ƙoda, cike da ruwa garai-garai. Ba ƙurji ba ce, ba kuma ƙwayoyin cuta ke kawo ta ba. Tana zuwa ne da shekaru, har ana ƙiyasta kusan rabin mutanen da suka haura shekara 50 suna da aƙalla guda ɗaya. Mafi yawansu za su ƙare rayuwarsu ba su san da ita ba, kuma ba sa bukatar wani magani. Sai in ta girma ta soma kawo ciwo a kwiɓi, ko ta danne hanyar fitsari, sannan likita ke tunanin taɓa ta.

Kafin ya taɓa kuwa, sai ya tabbatar da irinta. A shekarar 1986 wani likitan hoto na birnin Niyok, Morton Bosniak, ya tsara yadda ake rarraba waɗannan jakunkuna aji-aji, kuma har yau da tsarinsa ake aiki, bayan gyaran da aka yi masa a 2019. Mai siririyar fata da ruwa zalla ita ce ajin farko, ba ta da haɗari. Mai kaurin fata ko tsiro a ciki ana zargin ciwon daji, ita kuma maganarta ta masu tiyata ce, ba ta allura ba.

Me ya sa zuƙe ruwan bai isa ba?

Da farko likitoci kan soka allura su zuƙe ruwan kawai. To amma fatar cikin jakar ita ke tsatso da ruwan, kamar rijiya mai ido: ko an yashe ta yau, gobe ta kawo. Saboda haka aka nemi abin da za a zuba a ciki ya ƙone wannan fata, bangon jakar ya manne da juna, ta ƙanƙance. A 1981 wani likita ɗan Amurka mai suna Bean ya ba da rahoton yin haka da sifirit mai ƙarfin kashi 95 cikin 100, kuma har yanzu shi aka fi amfani da shi. Sai dai yana da zafi, tilas a sake zuƙe shi bayan 'yan mintoci, in kuma ya yoyo yana ƙone naman da ke kewaye.

Nan ne dangin tetarasaikilin suka shigo. Likitoci sun daɗe suna zuba su a ƙirjin da ke yawan tara ruwa, da kuma gwaiwar ruwa, don su manne wurin. Likitocin ƙasar Japan ne suka fi gwada ɗaya daga cikinsu, minosaikilin, a kan ƙoda, har masu bincike na Jami'ar Kanazawa suka buga sakamakonsu a 1993, inda jakunkuna da dama suka ɓace ko suka ragu ƙwarai. Wasu wurare kuma doksisaikilin suke sawa.

Abin lura shi ne, a nan ba kashe ƙwayoyin cuta maganin yake yi ba. In an narkar da shi ruwansa na da tsami mai tsanani, tsamin nan ne ke cin fatar cikin jakar. Wato kaifinsa ake so, ba sunansa na maganin ƙwayoyin cuta ba.

Yadda ake aikin

Majiyyaci zai kwanta rubda ciki ko a gefe, a yi masa allurar kashe zafi a wurin. Likita na kallon injin sikanin zai soka siririyar allura ko bututu har cikin jakar, ya zuƙe ruwan ya aika ɗakin gwaji. Sau da yawa yakan zuba wani rini mai fitowa a hoto don ya tabbatar jakar ba ta haɗe da hanyar fitsari ba, domin in maganin ya bi can zai yi ɓarna. Daga nan sai ya zuba maganin. Akan ji zafi ko zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, bayan wasu watanni a sake hoto. Wani lokaci sai an maimaita. In jakar ta ƙi ji, akwai tiyatar da ake yi ta ƙananan kafofi da kyamara a yanke rufinta, wadda ta fi allura hana dawowa. Wannan aiki ne na manyan asibitoci masu likitocin mafitsara da na hoto, irin su Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi, kuma likita ne zai zaɓi hanyar da ta dace.

Inda haɗarin yake

Kafson da aka haɗiya yana bin jini ne ya watsu a jiki, ba zai taɓa taruwa a cikin jakar da ƙarfin da zai ƙone ta ba. Ko mutum ya sha kwali guda, jakar na nan daram. Abin da zai samu illa ce. Tetarasaikilin na ƙara wa mai raunin ƙoda ciwo. Wanda wa'adinsa ya wuce kuwa, tun shekarun 1960 likitoci suka gano yana lalata ƙananan bututun cikin ƙoda. Mu kuwa mun san yadda ake tallar magani a faranti, rana na dukansa tun safe. Haka nan yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8, kuma ba a ba mai juna biyu. Shan sa barkatai na sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ake bukatarsa ya ƙi aiki.

Akwai kuma wata cuta ta gado mai cika ƙodoji biyu da jakunkuna barjat, tare da hawan jini. Allura na iya rage babba ɗaya mai ciwo, amma ba ta tsayar da cutar. Gidan da aka san uba ko uwa sun yi fama da ciwon ƙoda, ya kamata 'ya'ya su riƙa auna jininsu, su kuma gaya wa likita tarihin gidan.

Shawararmu ga duk wanda aka ba wannan sakamako ita ce ya koma da takardarsa ya yi tambaya uku: wane aji ce, santimita nawa ce, kuma ita ce ke kawo ciwon da nake ji? In likita ya ce a bar ta, to a bar ta, kuɗin kemis ya tafi cefane. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.