Tagar bene da tsakar gidan maƙwabci a Sabon Garin Keffi

Duk wanda ya san hanyar Abuja zuwa Akwanga ya san Keffi ta cika ta batse. Tazararta da babban birnin tarayya kilomita hamsin ce da 'yan kai, don haka ma'aikacin da kuɗin hayar Abuja ya kora, in bai tsaya a Mararaba ko Masaka ba, sai ya gangaro Keffi. Ga jami'ar jihar Nasarawa da aka kafa zamanin mulkin Abdullahi Adamu, ga babban asibitin tarayya. Kowane ɗalibi da kowane ma'aikaci ɗaki yake nema. Mai tsohon gida a unguwa irin Sabon Gari kuwa ya iya lissafi: zauren da ake zaman hira a ciki, in an fasa bangonsa aka sa ƙofar ƙarfe, ya zama shago.

Sunan Sabon Gari shi kansa daga tsarin gari ya samo asali. Turawa ne suka yawaita shi a Arewa, inda suka riƙa ware wa baƙi unguwa a wajen ganuwa, kamar yadda aka yi a Kano wajejen 1913. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta raba mazaunin Bature da na ɗan ƙasa, aka kuma saba barin fili mai faɗin yadi 440 a tsakani, wai don gudun sauro. Keffi ta san wannan zamani sosai, domin a nan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney a 1902, ya nufi Kano wajen Sarki Alu, abin da Lugga ya sa cikin hujjojinsa na yaƙar Kano a 1903. Ba mamaki in talaka ya ji an ce "tsarin gari" ya fara tunanin jan fenti a bango da motar rusau.

Dokoki kam akwai su. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, dokar tsarin gari ta 1992 ta tanadi neman izini kafin a ɗora bulo, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1979, tana iya ayyana gini a matsayin abin tarihi. Amma hukumar gini ɗaya-ɗaya ta fi kallo, irin Gidan Makama na Kano. Unguwa kuwa kamanninta a jere suke: tsayin katangu, faɗin lungu, dakalin ƙofar gida, inuwar darbejiya, da zauren da baƙo yake tsayawa ya yi sallama. Ba ɗaya daga cikinsu da ya isa a kira shi abin tarihi, amma in suka tafi, mutum sai ya ɓata a layin da aka haife shi.

Agadas ce garin da ya gwada riƙe unguwanni sukutum. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, da unguwanninsa goma sha ɗaya, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27. Amma kafin a yi sha'awar kwaikwayo, a leƙa Jenne ta ƙasar Mali, wadda ta shiga wannan jeri tun 1988. Mazaunanta sun daɗe suna kukan an ɗaure su da laka, suna son siminti da tayil ana ce musu za su ɓata tarihi, kuma a 2016 garin ya faɗa jerin wuraren da ke cikin haɗari. Balle Keffi, inda damina ke da tsawo da ƙarfi. Wanda ya ce wa magidanci a nan ya ci gaba da yaɓe duk shekara don masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto, bai taɓa kwana yana tarar yoyo da roba ba.

A ganina siffar zama ce ta cancanci doka, a bar wa mai gida zaɓin tubali ko bulo. Malamanmu ma sun riga turawa a wannan fage. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya kan gini: tagar da ke leƙa gidan maƙwabci a toshe ta, kada a buɗe shago daura da ƙofar wani yadda mai zama a ciki zai riƙa ganin masu shiga da fita, kada indararo ya zuba a bangon da ba naka ba. Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya rubuta irin waɗannan mas'aloli don alƙalan daular Sakkwato. Yau kuma bene mai hawa biyu na ɗaliban haya yakan tashi a jikin katangar gidan iyali, tagoginsa na kallon inda mata ke daka da shanya. Ƙarshenta sai mai gidan ya rufe tsakar gidansa da kwano, ya rasa iska da hasken rana, ko ya sayar ya ƙaura bayan gari.

Ƙa'idar da za ta hana wannan ba ta buƙatar shafi hamsin. A ƙayyade tsayin gini a cikin lunguna, a bar benaye ga bakin manyan tituna. Tagar sama mai fuskantar maƙwabci ta wuce tsayin ido. Kada katanga ta ci hanya ko ta hau kan kwata, kuma wanda zai sare tsohuwar bishiya a bakin layi ya nemi izini. Hukumar raya birane ta jihar ce ke da hatimi, amma mai unguwa ne ya san iyakar kowane gida da wanda ya gaje shi, kuma a zaurensa ake fara kai ƙara tun kafin a san hanyar ofis. Sa hannunsa da na maƙwabta na dama da hagu ya kamata ya zama takarda ta farko a fayil ɗin duk mai neman izinin ɗora bene.