Soson Kujera da Ciwon Bayan Direbobin Kudancin Kano

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore a faɗa Doguwa, da wuya ka leƙa motar haya ba ka ga direba ya ɗora wani abu a kan kujerarsa ba: yankin soso, tsohon matashi, ko bargo da aka ninke. Teloli da 'yan acaɓa ma sun bi sahu. Dalili ɗaya ne, ciwon ƙugu, ana kuma ganin laushin mazauni ne maganinsa. A ganina an ɗora wa soso nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Ciwon kam ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ke fama da shi a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya danganta nasu da wata cuta takamaimiya. Ƙashin baya yana da ɗan lanƙwasa ta ciki a daidai ƙugu. Idan mutum ya zauna a kan soso mai kauri da laushi, mazaunansa sai su nutse, gwiwoyi su fi kwankwaso tudu, ƙugu ya koma baya, lanƙwasar nan ta baje, nauyi ya koma kan jijiyoyi da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Direba yana da ƙarin matsalar da tela ba shi da ita, wato jijjiga. Gangar jikin mai zaune ta fi amsa girgizar da ke maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, irin wadda mota mai mataccen shokazoba ke yi a kan gargada, kuma soson da ya mutu ba ya tare ta.

Wani zai ce ai masu amfani da shi suna jin sauƙi, jiki kuwa ba ya ƙarya. Gaskiya ne, sai dai sauƙin na mazaunai ne, domin soso yana rarraba nauyin da ke danne ƙasusuwan zama. Wannan daɗin ma shi ke sa mutum ya daɗe bai motsa ba. Wasu kuma na ɗora laifin a kan zaman kansa, suna kafa hujja da awon da Alf Nachemson ya yi a Suwidin a shekarun 1960, wanda ya nuna zama ya fi tsayuwa matsa ƙashin baya. To amma awon Hans-Joachim Wilke na Jamus a 1999 ya nuna cewa zama a jingine bai kai tsayuwa matsi ba, duƙawa gaba ce ke ƙara shi. Manomin masara a Doguwa, da ke yini sunkuye da fartanya, ba ya zama a kujera, amma ƙugunsa na ciwo.

Saboda haka soson da zai amfana shi ne mai tauri, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, haɗe da ɗan naɗin zane a tokare ƙugu. Ko shi ɗin bai kai saukowa a miƙe ƙafa a Tudun Wada ba kafin a shiga Falgore. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta fitar a Disamban 2023 sun fifita motsa jiki, sun kuma hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu. Ciwon da ke sauka ƙafa da sagewa, ko ya zo da zazzaɓi, rama ko kasa riƙe fitsari kuwa, wannan na asibiti ne, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.