Abin Da Na Koya A Gindin Uwar Maƙera

Ni ɗan gidan maƙera ne, ko da yake boko ya raba ni da guduma tun ina yaro. Rabona da zama a maƙera ya kai shekara talatin. Abin da ya mayar da ni shi ne ɗan yayana, mai shekara goma sha bakwai, wanda ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai samu gurbi ba. Wata ranar Juma'a ya same ni a zaure ya ce, "Baffa, ni wuƙa nake son in koyi ƙerawa."

Mahaifiyarsa ta ƙi sam, kuma ban ga laifinta ba. A Kanon yau, idan aka haɗa matashi da wuƙa a zance ɗaya, daba ce take fara faɗo wa mutum a rai. Mun manta cewa mahauci da mai tsire da baduku da uwargida a madafi duk da wuƙa suke neman halalinsu. Mun kuma manta cewa tarihin baka ya danganta kafuwar birnin nan da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama har suka yada zango a gindin Dala. Sai da na ɗauki alkawarin zan riƙa raka shi duk Asabar sannan ta yarda. Na kai shi wurin ƙanen mahaifinmu, dattijon da ya haura saba'in, wanda shi kaɗai ya rage a zuriyarmu yana sana'ar.

Wata biyu cur yaron bai taɓa masaba ba. Aikinsa fasa gawayin ƙirya, da zuga, da share maƙera, da miƙo awartaki. Na ɗauka ɓata lokaci ne, irin wahalar da manya kan ɗora wa yara don kawai su ma an ɗora musu. Daga baya na lura cewa mai zuga idonsa na kan wuta wuni guda. Yana kallon yadda ƙarfe yake tashi daga baƙi zuwa ja, daga ja zuwa ruwan goro, yana kuma jin lokacin da maigida yake cewa a tsaya. Kafin ya riƙe guduma ya riga ya san launin da ake jira, ba tare da an taɓa zaunar da shi an karanta masa ba.

Ni kuwa da halin aji na je. Na yi ta yi masa bayanin cewa sifirin tsohuwar mota, wanda maƙeranmu suke yanka su yi wuƙa, ya fi rodin gini ne saboda sinadarin kabon da ke cikinsa ya fi yawa, shi ya sa yake ɗaukar tauri idan aka gasa shi aka tsoma a mai. Na gaya masa cewa ƙarfen da aka tsoma yakan fito da tauri mai gautsi kamar gilashi, don haka dole a sake ɗumama shi a hankali har launin karan dawa ya bayyana a kaifin, a zafin da bai wuce digiri 230 ba, domin ya saki jiki kaɗan. Ya gyaɗa kai, har ya rubuta a littafi. Na koma gida ina ganin na yi koyarwa.

Ranar da ya gama wuƙarsa ta farko, ɗoki ya kwashe shi. Ya tsoma ta, ya goge, ya nufi dutsen washi kai tsaye, ya tsallake ɗumamawar nan gaba ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, sai tsohon ya dafa gwiwata ya girgiza kai. Muka zuba masa ido ya kwashe awa uku yana wasa ta, ya sa mata ƙota, ya kawo ta hannu biyu. Tsohon ya juya ta, ya yaba siffarta, sannan ya miƙa masa ƙashin saniya ya ce ya sara. Sara ɗaya ta ɓalle gida biyu.

Yaron ya tsaya da guntun a hannu, idonsa ya kawo ruwa. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya karɓi guntun ya nuna masa bakin karayar, ya ce, "Duba nan da kyau. Me ka manta?" Shi da kansa ya ba da amsa.

A hanyar gida na tambayi tsohon dalilin da ya hana ni magana. Ya ce, "Ai ka gaya masa tun tuni, har ya rubuta. Guntun sifirin nawa yake? Gara ta karye a hannunsa yau da ta karye a hannun mahauci gobe, sunan gidanmu ya ɓaci."

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ta taɓa aikina. A jami'a muna tara ɗalibi ɗari biyu ko fiye a ɗaki, mu yi musu bayani, su haddace, su mayar mana a takarda. Kuskuren ɗalibi ba ya bayyana sai a sakamakon ƙarshen zango, lokacin da ba shi da sauran amfani gare shi, sau da yawa ma ba ya sake ganin takardarsa. Ko shirin SIWES, da aka kafa don ɗalibai su je su taɓa aiki da hannunsu, nawa ne daga cikinsu suke dawowa da wani abu ban da littafin da aka sa wa hannu? A maƙera kuskure yana fitowa nan take, malami na zaune a gefe, kuma asarar ba ta fi ƙarfin a sake ba.

Kada mai karatu ya ɗauka shirun tsohon na kowane hali ne. Ranar da yaron ya jefa guntun bututun ruwa mai rufin tutiya a wuta, tsawar da ya daka masa har maƙwabta sun ji, domin hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Abin da zai ɓata ƙarfe yakan bari ya faru, abin da zai ɓata mutum ba ya jira. Sanin bambancin nan shi ne abin da na ga ya fi wuya a renon ɗan koyo, kuma ban taɓa jin an koyar da shi a wani kwas na horar da malamai ba.

Boko ma bai tashi a banza ba. Tsohon yana gane zafin tsomi da ido, amma idon nan shekara sittin ya yi yana koyo, kuma a inuwar rumfa yake aiki, don hasken rana yana ɓoye jan ƙarfe. Na kawo wa yaron maganaɗisun tsohuwar lasifika, na nuna masa cewa ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, daga nan sai a ƙara zuga kaɗan a tsoma. Tsohon ya gwada sau uku yana kwatantawa da idonsa kafin ya ce, "To, likita, wannan karatun naku ya yi." Tabarau na kare ido kuwa sai da muka yi gardama, alhali shi kansa tartsatsi ya rage masa ganin idon hagu. Yaron yana sawa, shi har yau ya ƙi.

Abin da yake damuna shi ne lissafi. Wuƙaƙen waje masu ƙyalli sun cika Kurmi da Sabon Gari a farashin da maƙerin gida ba zai iya gogayya da shi ba, gawayi kuma kullum tsada yake ƙarawa. Masu sayen ta gida su ne waɗanda suka san kaifi, musamman mahauta, da magidanta idan layya ta matso. Na fito fili na gaya wa yaron cewa ba zan yi masa alkawarin arziki ba, na kuma sa shi ya sake yin rajistar jarrabawa. Bai yi musu ba, amma ya ce ba zai bar maƙera ba.

Ana saura mako biyu Babbar Sallah ya gama ta tara. Tsohon ya sara ƙashi da ita, ya aske gashin hannunsa, sannan ya aike shi wurin baduku a ɗinka mata kube. Wani mahauci a unguwarmu ya saya, bayan kwana goma ya dawo ya ce a yi masa biyu. Mahaifiyar yaron ta ji labari, ta aiko da saƙo cewa ita ma tana son ƙarama ta yankan albasa, kuma za ta biya.